Taken Ɗan Mairo

Dokin ƙofar zauren Malam Yahuza bai kai faɗin tafin hannu ba, amma a daminar nan ya zame masa katanga. Zai taso daga ɗaki lafiya lau, ya ratsa tsakar gida da 'yan gajerun takunsa, da ya iso bakin zaure sai ƙafafun su kafe kamar an dasa su. Zuciya tana cewa a tafi, hannun dama yana karkarwa a kan sanda, ƙafa kuwa ta ƙi ji. Akwai ranar da ya tsaya a nan tun kiran la'asar har aka sallame, yana jin takalman mutane suna komawa gida ta bayan katanga, bai iya tsallakawa ba, bai kuma yarda ya kira kowa ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da Arabiyya a firamaren Likoro kafin ya yi ritaya. Matarsa Lantana ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'ya'yansa mata suna ɗakunan mazajensu a Zariya da Ikara, ɗansa namiji tilo, Muktar, yana aiki a Kaduna. Matar maƙwabcinsa Bilya ce ke kawo masa tuwo, ta ajiye, ta gaishe shi daga nesa, ta juya. Ban da ita da kiran salla, babu muryar da ke shiga gidan.

Faɗuwarsa ta biyu ce ta kawo Muktar ba shiri. Ya tarar da uban da kumburi a goshi, ya zauna a gefen tabarma.

"Baba, wannan karon tare za mu koma."

Malam Yahuza ya san ɗakin da ake nufi. Ya taɓa kwana tara a cikinsa: hawa na biyu, taga ɗaya mai kallon bangon wani gida, ƙofa a kulle tun safe saboda kowa ya tafi aiki. A nan aƙalla ƙasar da yake takawa ta san shi, kuma kabarin Lantana yana bayan gari.

"Ka ba ni lokaci," in ji shi.

"Lokacin me, Baba? Har sai an kira ni an ce ka fasa kai a bakin rijiya?"

Suka yi ta ja, kowa yana sassauta murya don kada ya ɓata wa ɗan'uwansa. A ƙarshe Muktar ya gindaya sharaɗi. Zai dawo Juma'a ta shida. Idan uban ya tashi daga ɗakinsa ya shiga masallacin Juma'a da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe shi, zai bar shi a gidansa. Idan ba haka ba, a ranar za a kulle gidan.

Kafin ya koma ya kai shi asibiti a Makarfi. Likita ya ƙara ƙwaya, ya tura su wurin wata ma'aikaciyar gashin ƙashi mai suna Irene, mutuniyar kudancin Kaduna, gajera mai fara'a. Ta sa shi ya yi tafiya zuwa ƙofar ofishinta, a bakin ƙofar kuwa ya kafe kamar yadda ya saba. Ba ta ja shi ba. Sai ta koma gabansa ta fara tafi a hankali, tana kaɗa kafaɗa.

"Kada ka kalli ƙasa, Baba. Ka saurari hannuna kawai."

Bai san yadda aka yi ba, sai ga shi a waje, taku uku bayan ƙofa.

"Ka gani? Ƙafarka ba ta mutu ba, umarninka ne ta daina ji. Amma tana jin kiɗa. Baba, sai ka koyi rawa."

Muktar ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Malam Yahuza ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

"Yarinya, kin san da wa kike magana?"

"Da mara lafiyata," in ji ta, ba tare da ta daina murmushi ba. "Mu a garinmu tsohuwa mai shekara tamanin tana rawa, kuma ba ta faɗuwa a banɗaki. Ba kaɗe-kaɗen waya nake nufi ba, waɗannan sun yi maka sauri. Ka nemi kiɗan da jikinka ya sani tun kana saurayi. Babu wanda ba shi da irinsa."

Yana da shi. Abin da ya yi ta tunawa ke nan har suka iso gida.

A zamanin da ake gayya, samarin gari sukan taru a gonar mutum ɗaya su nome ta cikin yini guda, makaɗi yana bin su da gangar noma. Kowane gwanin manomi yana da takensa, wato kiɗan da ganga ke kiran sunansa da shi, wanda in ya ji sai ƙarfi ya zo masa. Makaɗin Likoro a lokacin Tanko ne, abokin Yahuza tun suna kiwon awaki. Shi ya ƙirƙira masa take da sunan mahaifiyarsa: sara ka wuce, ɗan Mairo, sara ka wuce. Daga baya Yahuza ya tafi karatu Zariya, ya dawo da littattafai da zafin kai. Ranar wata gayya a gonar mahaifinsa, a gaban samari fiye da talatin, Tanko ya hango shi ya saki takensa don murna. Yahuza ya ratso gonar da fararen kaya, ya zare wuƙar yankan rake daga hannun wani, ya farke fatar gangar gaba da baya, ya ce ba za a ƙara kiran sunansa da kayan shaiɗan ba. Tanko ya dubi gangar. Ya rataya abin da ya saura, ya bi hanya. Kafin kaka ya kwashe iyalinsa ya koma Makarfi.

Shekara talatin da bakwai ke nan. Malam Yahuza ya daɗe da sanin cewa ko da hukuncin da ya riƙa yana da madogara, wuƙar ba ta da ita. Abin da ya motsa hannunsa a ranar shi ne tsoron kada abokan karatunsa su ji cewa shi ma ya taɓa rausaya a bayan ganga. Ya nemi gafarar Allah a kan haka sau ba adadi, amma bai taɓa neman ta Tanko ba, domin waccan a ɓoye ake nema, wannan kuwa sai an haɗa ido.

Kwana biyar ya ɓata yana gwada tafa wa kansa, hannun mai karkarwa ya ƙi riƙe lokaci. A rana ta shida ya roƙi Bilya, wanda ke cin kasuwar Makarfi, ya samo masa lambar Tanko. Aka ce yana tsaron injin niƙa a bayan tasha. Da ya kira, ƙarar injin ta kusa cinye muryar.

"Wa ke magana?"

"Yahuza ne. Na Likoro."

Sai ya ji an kashe injin.

"Allah gafarta Malam. Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Ƙafata ce." Ya yi bayani a taƙaice.

"To," in ji Tanko. "Zan duba."

Ranar Litinin da hantsi ya sauka daga motar masu kai hatsi Hunkuyi. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, garin niƙa ya zauna a cikin kunnuwansa da gashin girarsa. Suka gaisa doguwar gaisuwa irin ta baƙi, aka tambayi iyali da damina da gajiya, kowa yana kallon gefen kafaɗar ɗan'uwansa.

"Ba ka zo da ganga ba," in ji Malam Yahuza.

"Ganga? Ai Malam ya fi kowa sanin inda ta tafi." Ya waiga cikin gidan, ya ɗauko wata jarkar ruwa rawaya da ke jingine a bakin rijiya, ya zubar da sauran ruwan, ya ƙwanƙwasa cikinta. "Wannan ma ta isa. Ita ba ta da fatar da za a farke. Tashi mu gani."

Ya zauna a kan turmi, ya matse jarkar a tsakanin gwiwoyinsa. Bugun farko ya fito a daƙile, na biyu ya gyaru, kafin na huɗu Malam Yahuza ya ji abin ya sauka a cikin ƙirjinsa kamar an kira shi daga barci. Sara ka wuce, ɗan Mairo. Idanunsa suka cika. Ƙafarsa ta ɗaga da kanta, ta sauka a karkace, ya yi tangal-tangal ya dafe bango.

"A'a, a'a. Wannan tafiyar hedimasta ce za shi duba aji. Ka tsaya ƙiƙam kamar tabarya, ta yaya ƙafa za ta tashi alhali ka ɗora mata duk nauyinka? Saki gwiwa. Karkato dama, ka sauke wa hagu kaya, sannan ta tafi. Da hagu ake shiga kiɗan nan, ka manta? Kafaɗa ta riga ƙafa."

"Kafaɗar dole ce?"

"In kana son Kaduna, ba dole ba ce."

Haka suka fara. Litinin da Alhamis Tanko yana zuwa da hantsi ya koma bayan azahar. Ya hana shi sanda a tsakar gida. Ya koya masa rausaya a tsaye kafin taku, da yadda ake juyawa a kan bugu huɗu maimakon a murɗe jiki lokaci ɗaya, da yadda ake ja da baya ba tare da an zauna a ƙasa ba. In ya yi kuskure sai jarkar ta yi shiru, Tanko ya ce, "Ko akuyar gidanmu ta fi ka kunne." In ya yi daidai ba ya yabo, sai dai ya ƙara wa kiɗan ado.

A mako na biyu Malam Yahuza ya tsallake dokin ƙofar zaure sau bakwai a jere. A na uku ya lura yana cinye tuwonsa, har matar Bilya ta ƙara masa malmala ba tare da ta tambaya ba. Ƙugunsa da ya daɗe a sandare ya saki, ya fara iya yin ruku'u ba tare da ya dafa bango ba. Wata Alhamis ya juya da sauri fiye da kima, hularsa ta faɗa cikin kwatarniya, ya ji wata ƙara ta fito daga bakinsa wadda sai da ya ɗan yi tunani kafin ya gane dariya ce. Ranakun da Tanko ba ya nan kuwa sun fi na da tsawo. Da can bai san yana jiran kowa ba.

A zuwan ƙarshe, bayan sun gama, Tanko ya mayar da jarkar bakin rijiya.

"Gobe ba ni zuwa. Ba zan bi ka masallaci da jarka a jefe ni ba. Kiɗan yana cikinka yanzu, ka kaɗa wa kanka."

Malam Yahuza ya daɗe yana shirya maganar, amma da ta zo fita sai ta fito tsirara.

"Tanko, na zalunce ka. A gaban mutane na yi, ga shi a ɓoye nake neman gafara. Ka yafe mini."

Tanko ya kakkaɓe hularsa a gwiwa, garin niƙa ya tashi.

"Na yafe tun shekarar da aka haifi 'yata ta biyu. Ba don kai ba, don in riƙa samun barci." Ya sa hular. "Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba gangar ba ce. Gayya ma ai ta mutu da kanta, ko ba ka taɓa ta ba. Da Mairo ta rasu na zo gaisuwa, na zauna a zauren nan tun safe har azahar, ka bi kowa da godiya ka tsallake ni. Ita ce ta yaye ni da uwata ta kwanta ciwo. Saboda ita na zo yanzu, don da sunanta na yi kiɗan."

"To yanzu fa? Mu biyu?"

"Yanzu ka samu ƙafa, Malam. Abin da ka kira ni a kai ke nan."

Ya yi sallama ya fita, Malam Yahuza ya raka shi har bakin hanya, abin da bai iya ba makonni shida da suka wuce, ya tsaya yana kallon bayansa har ya sha kwana.

Ranar Juma'a Muktar ya iso da wuri. Malam Yahuza ya hango katifa a naɗe a bayan motar da igiyoyin ɗaure kaya. Ya yi wanka, ya sa farar riga, ya ɗauki sanda. A bakin zaure ya tsaya, ya saki gwiwa, ya karkata dama, ya kira kiɗan a zuciyarsa. Hagu ta tsallaka.

Tsakanin gidansa da masallaci bai fi tafiyar minti biyar ga mai lafiya ba. Hanyar ta cika da mutane, kuma rabinsu ya koyar da su alifun ba'un. Ya yi ƙoƙarin ɓoye kafaɗar, nan take takun ya fara guntulewa, sai ya sake ta. Ya bi tsakiyar hanya yana rausaya, riga tana kaɗawa hagu da dama, yana kewaye kududdufan ruwan jiya a kan bugu huɗu. Hira ta riƙa mutuwa a duk inda ya gifta. Muktar yana biye da shi taku biyu a baya, hannuwansa a buɗe kamar mai jiran abin da zai faɗo daga bishiya.

Wani tsohon ɗalibinsa, Zulkifilu, wanda yanzu shi ke wa'azi kafin huɗuba, ya matso ya rage murya.

"Allah gafarta Malam, lafiya? Sai na ga kamar... kamar rawa."

"Ba kama ba ce, Zulkifilu. Rawa ce. Matsa mini hanya kada in ɓata."

Ya iso ƙofar masallaci, ya zame takalmansa ba tare da ya tsaya ba. Sai a nan ya ga abin da shi da Tanko ba su taɓa tunawa ba. Duk makonnin nan yana tsallake kowace ƙofa da hagu, domin da ita ake shiga kiɗan. Masallaci kuwa da dama ake shiga, shi da bakinsa ya koya wa rabin garin haka. Hagu ta riga ta ɗaga, ya mayar da ita. Ya umarci dama. Kiɗan ya yanke, ƙafafun biyu suka kafe.

Mutane suka taru a bayansa. Wani ya yi gyaran murya. Hannun dama ya shiga karkarwa har sandar tana buga dokin ƙofa. Ya ji numfashin Muktar a bayan kunnensa.

"Baba, kawo hannunka. Ba komai, ka yi ƙoƙari."

"Kada ka taɓa ni."

Ya san zai iya shiga da hagu, babu wanda zai ce sallarsa ta ɓaci. Ya kuma san hanya ɗaya da za ta kai dama gaba, ita ce ya tayar da kiɗan daga farko a nan inda yake, ya taka shi a tsaye har zagayen ya faɗo a kanta. A bakin ɗakin Allah, a gaban sahun da ya waiwayo. Ya tambayi kansa ko ya halatta mutum ya ɗauko ganga a zuciyarsa har nan. Sai ya tuna shekara talatin da bakwai yana shigowa ta ƙofar nan da abin da ya fi ganga nauyi a cikin zuciyar, kuma bai taɓa tsayawa ya yi wannan tambayar ba.

Ya saki gwiwa. Ya karkata dama, hagu ta taka a inda take. Ya karkata hagu, dama ta taka. Kafaɗunsa suka ɗauka, sau ɗaya, sau biyu, a fili, yadda ba mai iya kiran abin da wani suna. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya aka make shi. A zagaye na uku hagu ta taka, nauyi ya koma kanta, dama ta tashi ta tsallake dokin ƙofa ta sauka a kan shimfiɗa. Ya yi addu'ar shiga da murya mai rawa, ya nemi gefen ginshiƙi ya zauna. Mutumin da ke kusa da wurin ya ɗan janye rigarsa.

Bayan an sallame ya koma gida kamar yadda ya zo. Mutane ƙalilan ne suka tsaya gaishe shi. Muktar ya zauna a zaure yana juya makullin mota a hannu, sannan ya ce zai riƙa zuwa duk ƙarshen wata, kuma dole a sa ƙarfen dafawa a banɗaki. Ya durƙusa ya yi sallama, idonsa ja. Motar ta tashi da katifarta a naɗe.

Da ƙarar ta ɓace, Malam Yahuza ya ɗauko waya ya kira Makarfi. Injin yana ta ruri, wannan karon ba a kashe shi ba.

"Na shiga, Tanko! Da ƙafata!"

"Ka ce me?"

"Na ce na shiga! An bar ni a gida!"

"To madalla. Allah ya ƙara sauƙi." Wata mace ta yi magana a kusa da shi a kan dawarta. "Malam, ina da mutane a gabana. Sai wata rana."

Malam Yahuza ya riƙe wayar a kunne bayan ta yi shiru. Yana da sauran labari, na hagu da dama, wanda duk duniya mutum ɗaya ne zai gane abin dariyar da ke cikinsa. Ya ajiye ta a kan tabarma.

Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa ganyen masarar bayan gida. Rigarsa ta jiya tana kan igiya a can ƙarshen tsakar gida, kuma ɗigon farko ya riga ya sauka a kan kwanon rufi. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya tsaya har jirin ya wuce, sannan ya tafi ɗauko ta.